Me Ya Sa Baƙonmu Ba Ya Wuce Zango?

"Malam, barka da aiki. Ni tela ne a Gusau. Yayana ya shekara tara a Kumasi ta ƙasar Gana, a unguwar Aboabo, yana gyaran janareto. Bara wani kamfani ya yi masa tayin aiki a wani garin haƙar zinariya, albashin ya kusa ninka abin da yake samu, har da ɗakin kwana, amma ya ƙi. Da na matsa masa sai ya ce wai can babu mutanenmu. Na kuma lura duk wanda ya tashi daga wajenmu Aboabo ɗin nan yake dosa, kamar an yi masa kiranye. Wace irin al'ada ce ke sa mutum ya bar kuɗi ya zaɓi cunkoso? Ko dai sabo ne turken wawa? Ina tambaya ne don ni ma bayan Babbar Salla nake son tafiya, kuma ban san inda ya kamata in sauka ba."

Barka kadai, ƙanena, Allah ya sa ka tashi a sa'a. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ke jan baƙo zuwa inda irinsa suka taru ko da kuɗin wani wurin ya fi tsoka, sannan kai da ke da niyya, ka bi sahu ne ko ka ratse. Na daɗe ina bin wannan al'amari. Na zauna a zaurukan Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan da ta Shagamu, na kwana a zangunan Kumasi da Akra ina hira da fatake da 'yan cin rani da tsofaffin da aka yanke wa cibiya a can. Abin da zan fara gaya maka shi ne yayanka ya yi lissafi. Kai albashi ka ƙirga, shi kuwa mutane ya ƙirga: wanda zai ba shi kayan gyara bashi, wanda zai tsaya masa in 'yan sanda sun tsare shi, wadda za ta zauna da matarsa ranar haihuwa, da waɗanda za su ɗauki makararsa in ta Allah ta kasance. Babu kamfanin da ke rubuta waɗannan a takardar ɗaukar aiki.

Hanyar ta girmi ƙasar

Kiranyen da kake zato, tsohuwar hanya ce. Zango tun asali wurin da ayari ke sauke kaya ne a kwana. Tun kafin zuwan Turawa fataken Kano da Katsina da Sakkwato, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna kora jakuna da kanwa da tufafi da kayan fata zuwa Gwanja, su shafe watanni a hanya a ƙarƙashin madugu, su juyo da goro. Babbar kasuwar ita ce Salaga, a arewacin Gana ta yau. A kowane masauki sai an bar wani a baya: malamin da ya buɗe makarantar allo, mahauci, wanzami, ko wanda ya gina zaure don saukar fataken baɗi. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanen nan ba gida suka koma ba. Sun bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya Kumasi da Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, a Kete-Krachi ya ƙare rayuwarsa a 1934. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Akra a farkon ƙarni na 20, unguwar Nima ta Akra kuma ta tashi a shekarun 1930. Gana ta sami 'yanci a 1957, ka ga ke nan turbar da yayanka ya bi ta girmi ƙasar da ya shiga.

Ta gabas kuwa addini ne ya share hanya. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yada zango a irin waɗannan garuruwa don su yi ƙwadago su tara guzuri, da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 kuma aiki ya samu, shekara ɗaya ta zama goma, goma ta zama jikoki. Mutumin da ya bar Haɗejiya da niyyar aikin Hajji, a ransa bai yi ƙaura ba, yana kan hanya ne, shi ya sa ya zaɓi garin da ke kan layin alƙibla kuma akwai waɗanda suka riga shi.

Zauren fatoma

A nan nake so ka tsaya da kyau, don a nan ne al'ada ke zama kuɗi. Wata asuba a Sabo ta Ibadan ina zaune a zauren wani dattijo mai saukar fataken shanu, sai ga wani saurayi da ƙurar hanya a gira, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Dattijon bai tambaye shi fasfo ko katin shaida ba. Ya ce, "Daga ina?" Ya faɗi garinsu. "Ɗan gidan wa?" Ya faɗi sunan mahaifinsa. Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya ambaci sunan wani kawun yaron da ya taɓa sauka a wannan zauren shekaru da dama da suka wuce, ya tambayi ko ƙafarsa ta warke. Shi ke nan. Aka kawo wa yaron koko da ƙosai, aka nuna masa tabarma a shago, shi kuma ya kwance wani ƙunshin leda daga ƙugunsa ya miƙa wa dattijon ajiya. Ba a ƙirga a gabana ba, ba a rubuta rasit ba. Kafin azahar an haɗa shi da dillalin da zai kai shi kara.

Wannan dattijo shi ake kira fatoma, wasu su ce mai gida ko mai masauki. Aikinsa ya fi ba da ɗaki. Shi ke ajiye kuɗin baƙo, shi ke nemo masa mai saye, shi ne kuma lamuni tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, mahaucin Bayarabe ya ɗauka bashi sai ya yanka ya sayar. In mahaucin ya gudu, fatoma ne zai biya. Haka ake yi a goro ta ɗaya ɓangaren: attajiri yana Kano, kuɗinsa yana Shagamu, huhunan goro suna tahowa a mota, babu kotu babu lauya. Me ya riƙe wannan gini? Kunya da suna. Wanda ya ci amana a Sabo, labarinsa zai riga shi isa gida, ba zai sami matar aure ba a can, ba zai sami mai sauke shi ba a nan. Wani masani mai suna Abner Cohen da ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963 ya lura cewa Hausawan wurin sun fi na gida riƙo da Hausanci, kuma ya danganta hakan da cinikin shanu da goro: muddin amana ce jarin, dole a tsare iyakar waɗanda ake yarda da su. Har masallacin Juma'a na kansu suka ware a farkon shekarun 1950, lokacin da ɗarikar Tijjaniyya ta game unguwar.

Yanzu ka dubi yayanka. Shekara tara a Aboabo na nufin akwai mai shagon kayan gyara da ke ba shi kaya ya biya ƙarshen wata. Akwai masallatai da gidajen burodi da masu injin niƙa da in janaretonsu ya tsaya shi suke kira, don limami ya taɓa cewa yaron kirki ne. Akwai adashin da yake zubi. In ka tara wannan duka, jari ne da ba ya shiga jaka. Ran da ya hau mota zuwa garin zinariya, a Aboabo zai bar shi. Kusan kowane gari a Gana yana da zango, wataƙila har garin da aka kira shi, amma zangon da ba a san ubanka ba, sai ka sake durƙusawa daga farko. Albashi kuma na kamfani ne, ran da aka rufe rami ya ƙare.

Harshe, tukunya da masallaci

Harshe shi ne ƙofa ta farko, kuma abin da ya faru a zangunan Gana yana da ban sha'awa. Mafi yawan mazauna zangon Kumasi ba Hausawa ba ne a jini. Akwai Mosawa daga Burkina Faso, Dagombawa, Wangarawa, Kotokoli daga Togo, Zabarmawa, Fulani, Yarabawa, kowace ƙabila da sarkinta, amma Hausa ce harshen kasuwa da wa'azi da wasan yara a lungu. Jikan Bamoshe zai yi maka Hausa, da ka tambaye shi yaren kakansa sai ya yi murmushi. Wannan ya nuna maka cewa abin da baƙo ke nema ya fi jininsa faɗi. Yana neman inda za a fahimce shi in ya yi sallama, inda in ya ce "sai hankali" za a san ba shi da ko sisi, ba sai ya zubar da mutuncinsa da bayani ba.

Abinci kuwa mutane suna raina shi a lissafi har sai sun yi wata guda ba su ga tuwo ba. Ga Musulmi maganar ta wuce marmari, ta kai ga yanka: wa ya yanka naman nan, da sunan wa? Shi ya sa mahauci yana cikin mutanen farko da ke kafa kowane zango. Dubi birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya. Musulmin Afirka ta Yamma sun fi taruwa a unguwar Xiaobei, inda Musulmin ƙasar Sin ke da gidajen abincin halal. Ba su haɗa yare ba, ba su haɗa launi ba, tukunya ce ta haɗa su. A Gana kuma tukunyar zango ta fita ta ci gari: shinkafa da waken da duk ƙasar ke ci da safe sunanta daga "wake" ya fito, ga koko da ƙosai da tuwon zafi, duk da sunayensu na Hausa ake saye.

Masallaci shi ne ofishin baƙo. A nan ake jin wa ke neman yaron shago, wane gida ke da ɗakin haya, wa aka kwantar a asibiti. Kuma ba kowane masallaci ba. Na sha ganin saurayi ya sauka tasha, tambayarsa ta biyu bayan masauki ita ce ina zawiyya, ko ina masallacin Ahlus Sunna. Ɗan ɗarika yana da 'yan'uwa a kowane gari da ake wazifa, tun daga Kaulaha har Yawunde, kuma sau da yawa wannan zumuncin ya fi na jini saurin buɗe ƙofa.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke haka. Sabon Garin Kano madubinmu ne: mutanen Kudu sun taru a can don coci da abincinsu da yarensu da ƙungiyoyin garuruwansu. Somaliyawa da suka fito daga ƙasa mai zafi sun cika jihar Minesota ta Amurka, inda ƙanƙara ke rufe mota, tun farkon shekarun 1990. Na farko aiki da hukumomin tsugunar da 'yan gudun hijira ne suka kai su, na baya kuwa na farkon suka bi.

Abin da maza ba su cika faɗa ba

Ka ce yayanka ya shekara tara, ina kyautata zaton yana da iyali. To ka sani, namiji ne ke zaɓar inda za a sauka, amma sau da yawa mace ce ke yanke inda za a zauna. Matar da aka kai ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, maƙwabta su ne danginta. Wa zai dafa mata ruwan wankan jego, wa zai dama mata kunun kanwa, wa zai riƙe mata yara ran da za ta awo? Matan zango suna da bikinsu da adashinsu, yau ke kin kai gudummawa gidan suna, gobe a kawo miki. Wata dattijuwa a Nima ta ce mini mijinta ya taɓa gina gida a sabuwar unguwa mai fili da iska, ta yi wata huɗu ta ce a mai da ita lungu, don ranar da ɗanta ya suma da zazzaɓi ta fita ƙofar gida tana salati babu wanda ya leƙo. Sannan ga tunanin 'ya'ya: ina makarantar allo, ina Islamiyya, in yarinya ta isa aure wa zai zo nema? Uban da ke da 'ya'ya mata yana kallon unguwa da wani ido dabam da na gwauro.

Sai kuma mutuwa. Wannan ba a sa shi a baki lokacin shirin tafiya, amma yana ƙasan zuciyar kowa. Wata rana a Kumasi aka idar da sallar azahar, ladan ya miƙe ya ce akwai wani yaro ɗan cin rani, mai tura baro a kasuwa, ya rasu a asibiti da safe, ba shi da kowa a garin. Wani ya cire hularsa ya bi sahu da ita. Na ga masu sayar da shayi suna zuba canjin aljihunsu. Wani tela ya tafi yanko likkafani, matasa huɗu suka ɗauki diga da shebur, wani dattijo da ya san ma'aikatan asibiti ya tafi karɓo takarda. Kafin magariba an binne shi, da dare kuma aka samu wanda ya san ƙauyensu ya buga waya ya yi wa mahaifinsa ta'aziyya. Ka tuna a wurin Asantawa, 'yan ƙasar Kumasi, waɗanda mutanen zango ke kira Tonawa, al'ada ce a ajiye gawa makonni ko watanni a firjin asibiti kafin a yi babban biki. Abinsu ne, suna girmama mamacinsu ta hanyarsu. Amma Musulmin da ya san haka zai tambayi kansa: in na faɗi a garin da babu mutanena, wa zai yi mini wanka, wa zai hanzarta da ni? Da yayanka ya ce "can babu mutanenmu", ina jin har da wannan yake nufi.

Inda zango ke cin mutum

Ba zan ɓoye maka ba, tambayarka ta turken wawa tana da gaskiya a ciki. Inuwar da ke kare mutum tana iya hana shi tsawo. Na san waɗanda suka shekara ashirin a Kumasi ba su iya ciniki da Tuwi, yaren Asantawa, ba, saboda haka duk wata hulɗa da 'yan ƙasa sai ta bi ta hannun wani, shi kuma ya ci la'adarsa. Na ga yaran da mai gida ya riƙe shekara da shekaru a kan abinci da wurin kwana, kunya ta hana su tambayar haƙƙinsu, don shi ya sauke su kuma ya san iyayensu. Sana'ar zango ma takan zama gado: in mutanen garinku shayi suke sayarwa ko gadi suke yi, kai ma nan za a tura ka ko da kana da wata baiwa. Ga cunkoso, ga ƙarancin magudanan ruwa da makarantu, abin da ya sa gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata ta musamman don raya zanguna a 2017. Turbar da aka saba bi ma takan kai mutum ga halaka: mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na Damagaram, hanyar da maƙwabtansu suka bi suka dawo da abin hannu suka bi.

Mafi nauyi shi ne wanda ya zauna a unguwar baƙi, baƙo ake ɗaukarsa ko da a nan aka haifi kakansa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar Gana, kuma zanguna ne suka fi ɗanɗanawa. Mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance suka nufi ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. Mu ma mun yi wa 'yan Gana irinta a 1983 zamanin Shagari. A Shagamu a 1999, a Idi-Araba ta Legas a 2002, a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, rikici ya tashi kuma kowa ya san inda zai sami Bahaushe, don duk suna wuri ɗaya. A Sudan, a Yulin 2022, neman da Hausawan jihar Blue Nile suka yi na a ba su masarautar gargajiya tasu ya zama sanadin faɗan da ya ci rayuka sama da 100, bayan fiye da ƙarni guda da zama. Duk lokacin da na tuna waɗannan sai jikina ya yi sanyi, domin taruwar da ke ba da kariya a ranar lafiya ita ce ke nuna ƙofa a ranar fitina.

Akwai kuma waɗanda da gangan suke kauce wa zango, kuma ban ga laifinsu ba. Bazawarar da ta gaji da tsegumi, saurayin da ke son ya fara rayuwa inda ba a san talaucin gidansu ba, ɗan boko da ke son 'ya'yansa su shiga makarantar da ta fi kyau. Su ma al'ada ce ta zaɓa musu wuri, sai dai ta hanyar tura su nesa.

Iyakar wannan bayani

Kada in sa ka ɗauka al'ada ce ke yanke komai. Unguwannin nan da yawa hukuma ce ta shata su: Sabo ta Ibadan a 1916 aka keɓe ta, Sabon Garin Kano ma tsarin Turawa ne na raba baƙi da 'yan gari, zangon Lome kuwa gwamnati ta tashe shi daga tsakiyar birni a 1977 ta mai da shi bayan gari. Mai gudun yaƙi ko 'yan bindiga ba ya zaɓe, inda mota ta tsaya nan ne gari. Likita ko ɗalibi biza da takardar aiki yake bi. Kuɗin haya ma yana korar mutum zuwa inda ba ya so. Al'ada tana da ƙarfi ne a wurin wanda jarinsa amana ce da ƙarfin jikinsa, kamar bafatake da mai sana'ar hannu da ɗan cin rani. Tana raguwa a wurin wanda takardar shaidar karatunsa ke yi masa lamuni. Bayanina ya fi dacewa da irinku, kai da yayanka. Kuma ni daga nesa nake magana, ban ga takardar da kamfanin ya ba shi ba, don haka ba zan ce ƙin da ya yi shi ne daidai ko kuskure ba. Abin da na ce shi ne yana da hujja.

To kai ina za ka sauka?

Ka sauka wurin yayanka. Sai da ɗan gari akan ci gari, kuma tela ya fi kowa bukatar a san shi: ɗinkin Salla da na biki da na suna duk ta bakin mutane suke zuwa, aikin wuyan riga da kaftani irin namu kuma yana da kasuwa a zango. Wata shida na farko kana bukatar wanda zai nuna maka inda ake sayen zare da shadda, wanda zai ara maka keke kafin ka sayi naka, da wanda zai ce "yaronmu ne" in an tambaya.

Amma ka shiga da wa'adi a ranka. Tun makon farko ka fara koyon Tuwi, ko da gaisuwa da ƙirga ne, don masu kuɗin ɗinki a Kumasi ba a zango kaɗai suke ba, kuma Asantawa suna sakin fuska ga baƙon da ya gaishe su da harshensu. In za ka zauna a shagon wani, ko yayanka ne ya haɗa ku, a faɗi sharaɗi a gaban shaidu: nawa ne naka a kowace riga, yaushe za ka tsaya da ƙafarka. Kunyar rana ɗaya ta fi ƙorafin shekara biyar. Ka kai gaisuwa wurin sarkin zango da limami, ka shiga adashi, ka je jana'iza ko ba ka san mamacin ba, amma ka yi abokai a wajen unguwa, ka halarci sunan maƙwabcinka Kirista in ya gayyace ka. Mutanenmu da suka yi nisa a baƙunta haka suka yi. Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950 saboda ya shiga harkar garin da jama'arsa. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Gana, ɗan zango ne, amma shugabannin ƙasa da limaman coci duk suna zuwa gaishe shi.

Sai takardu, kuma wannan kada ka saurari mai ce maka ba komai. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga Gana ba biza ka zauna har kwana 90. Zama bayan haka yana bukatar izini, akwai kuma katin shaida da ake yi wa baƙi mazauna ƙasar. Ka shiga ta kan iyaka a buga maka hatimi, ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, ka ajiye hoton kowace takarda a wayarka da kuma wurin wani a gida. Waɗanda aka kora a 1969 da yawansu suna da mai gida, suna da limami, suna da maƙwabta masu kuka dominsu, takarda ce ba su da ita.

Kafin ka tashi, ka sake kiran yayanka, amma kada ka tambaye shi me ya sa ya ƙi aikin. Ka tambaye shi mutum nawa ke binsa bashi, mutum nawa yake bi, wa ya tsaya masa ranar da ya kama shago, kuma me matarsa ta ce da aka yi maganar tashi. Sannan ka tambaye shi ko akwai tela a layinsu da ke neman hannu kafin ɗinkin azumi ya kankama.